Baba Tsoho da Famfon Bayan Katanga

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma, kowa da ranarsa. Ranar kakana, mahaifin Ummata, wanda duk Tudun Wada ke kira Baba Tsoho, ta faɗo wata Juma'a da safe, ana saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka. Ya dawo daga masallaci, aka kawo masa koko, ya ce a ƙara sukari. Aka ce likita ya hana. Ya ce ai ba likitan zai sha ba. Ya shanye abinsa, ya kishingiɗa a kan buzu, shi ke nan.

Kafin a gama sanar da dangi, matan layin bayan kamfanin ruwa sun fara shigowa, kowace da bokiti a ka. Ba wanda ya aike su. Suka yi ta jerawa a tsakar gida har aka rasa wurin taka ƙafa. Kawuna ya fito ido jawur, ya duba, ya ce, “Bayin Allah, mutum ɗaya fa za a wanke, ba unguwa ba.”

Wata tsohuwa ta sauke nata ta ce, “Kai dai karɓi. Daga famfonsa muka ɗebo, da shi za a yi masa wanka.”

Ana cikin haka wani mutum ya faka babur a ƙofar gida, daga Kwangila, bai ji labari ba. Ya yi sallama da ƙarfi, wai a ce wa Baba bututun gidansu ya sake fashewa. Da aka gaya masa ya yi salati, ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai. Da ya share hawaye sai ya ɗago ya ce, “To yanzu wa zai duba mana?” Ba wanda ya ga laifinsa, don rabin mazan da ke zaune kan tabarma a ƙofar gida abin da ke ransu ke nan.

Bayan an dawo daga maƙabarta sai ga Baba Ticha. Tsohon malamin makarantar mishan ne, dattijo a cocinsu, kuma abokin darar Baba Tsoho tun kafin a haifi Ummata. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin kakata, wadda muke kira Iya, ya cire hula, ya yi mata gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya ɗora da cewa:

“Hajiya, da gangan ya yi. Shekara hamsin yana cinye ni. Jiya saura ci ɗaya in gama da shi aka kira magariba, ya kife kwano a kan darar ya ce sai gobe. Ga goben nan!”

Iya ta ce, “Ka yi haƙuri, Malam. Ni shekara sittin ina magana ba ya amsawa. Yau dai ya sami hujja.”

Ɗakin ya kwashe da dariya, ana yi ana share hawaye. Ni kaɗai ce ban yi ba. Akwai wata takarda a jakata, kwana biyu ina yawo da ita, shi kaɗai ya kamata ya fara gani, ban kuwa nuna masa ba. Saboda takardar nan na zauna rubuta wannan, kuma don kada 'ya'yanmu su taso su ɗauka famfo daga sama yake faɗowa.

Baba Tsoho ya yi wa kamfanin ruwa aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya yana shugaban masu gyaran bututu. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama kuwa zaɓe yake yi. Iya za ta tsaya a kansa ta ce gishiri ya ƙare, ya ce, “Na'am? Wa ya zo?” Amma bari famfo ya yi ɗigo a gida na uku, sai ka ga ya ajiye lomar tuwo ya karkata kai. Yana da wata sandar ƙarfe mai kan katako. In ana neman inda bututu ya bi ko inda yake yoyo, sai ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora kunne a kan katakon, ya lumshe ido. In ya ce a haƙa nan, to a haƙa nan.

Aljihun babbar rigarsa ba ya rabo da sifana da guntun roba, ko ranar Sallah. Iya ta gaji da ɗinke aljihu har ta koma yi masa da yadin katifa. Ranar da aka je nema wa Kawu aure a Gyallesu, shi ne mai magana. Uban yarinya ya ɗauko jawabi ke nan, ya kai tsakiya, sai Baba Tsoho ya miƙe ya fita ba ko uffan. Hankalin kowa ya tashi, aka ɗauka an yi masa wani laifi. Ashe famfon alwala ne ke ɗiga a ƙofar gida. Can sai ga shi ya dawo hannun riga sharkaf, ya zauna ya ce, “Na gyara. Robar ce ta cinye. To, kun ba mu ko ba ku ba mu ba?” Aka ba su. Har yau surukan Kawu in sun tashi tsokanarsa cewa suke yi da sifana aka biya sadakinsa.

Maganarsa ɗaya ce, a gidan biki da gidan makoki: “Ruwa ba ya karatu. Inda ya ga gangare nan zai bi, ko Gwamna ne ya sa hannu.”

Ni ce jikarsa ta fari, saboda haka ni ce abokiyar wasansa. Tun ina 'yar mitsitsiya ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In na shigo ya ce ga mai cinye masa nama ta zo, in ce ai ba haƙoran ci gare shi ba. Wata rana ina aji uku ya ɗora mini sandar nan a kunne a bakin titi, ya ce, “Me kika ji?”

Na ce, “Ba komai.”

Ya ce, “Yi shiru mana. Bakinki ne ya toshe miki kunne.”

Na yi shiru, abin da ban saba ba. Sai na ji wani siririn sauti can ƙasa, ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙafata ba wanda ya san da shi. Daga ranar na kamu. Da na gama karatun injiniya, kamfanin da ya bari ya ɗauke ni aiki, na zo gida da hular kwano don in yi masa yanga. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce za ta yi kyau da awon gero. Tun daga nan sunana ya ɓace a bakinsa, sai Hular Kwano. Ni kuma na sa masa Tsohon Famfo. A gaban baƙi, a gaban mijina, ko'ina.

Yanzu bari in faɗi yadda famfon bayan katanga ya samo asali. Wata shekara da rani ya yi tsanani, tun Ummata tana budurwa, matan layin baya sukan taru a ƙofar kamfani da tuluna suna roƙon mai gadi. Baba Tsoho ya kasa jurewa. Ya je ya zauna a ofishin manajan wancan lokaci, ya ƙi tashi, har mutumin ya ce, “Je ka yi abin da ka ga dama, ka bar ni in sha iska.” Da wannan izinin na baka ya huda katanga, ya fito da bututu, ya kafa famfo ɗaya a waje. Ba takarda, ba sa hannu. Tun daga lokacin layin nan suke sha, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, kuma ko bayan ya yi ritaya shi ke canza masa roba.

To, sai bara kamfani ya tashi sabunta harabarsa ta Tudun Wada. Kuma gaskiya ta isa gyara. Da damina filin nan tabo ne zalla, tankar ruwa ta shiga ta kafe sai an kira wata ta ja ta, ita ma ta kafe. Aka tsara sabon gareji, sabbin kwatoci, kwalbati a bakin ƙofa, a ɗaga katanga, a malale filin gaba ɗaya da kankare. Aka ce ni zan kula da aikin. Wayyo, kaina ya kumbura har hular ta fara matse ni. A cikin tsarin akwai ƙa'idar cewa duk wata kafar ruwa da ba ta cikin rajista a toshe ta. Da hannuna na ja layin sabuwar katanga, ta bi ta kan famfon nan ta shafe shi, ban ko tsaya tunani ba.

Al'adar gidanmu ce duk Juma'a bayan an sauko masallaci a haɗu a ci tuwo a wurin Iya. Ni da rawar kai na ɗauko zanen na shimfiɗa masa a kan tabarma. Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, yana gyaɗa kai. Sai yatsan ya tsaya.

“Hular Kwano, ina famfon?”

“Wane famfo?”

“Kar ki raina mini hankali. Wanda kika yi wanka a gindinsa tsirara.”

Na ce ba ya cikin rajista. Ya ce mutanen da ke sha suna cikin rajistar Allah. Na ce kamfani ba gidan sadaka ba ne. Ya ce da ba gidan sadaka ba ne da bai ɗauke ni aiki ba. Aka yi dariya, ni kuma raina ya ɓaci, don ƙannena suna wurin. Sai bakin nan nawa da ya toshe mini kunne tun ina aji uku ya sake yin aikinsa. Na ce, “Baba Tsoho, zamaninku na a-yi-da-baki ya wuce. Yanzu abin da ba ya cikin takarda, babu shi.”

Ummata ta zare mini ido. Shi kuwa ya cire tabarau a hankali, ya naɗe mini zanen da kyau, ya miƙo da hannu biyu.

“Gaskiyarki, Injiniya. Ni ma ba na cikin takarda. Allah ya ba da sa'a, ranki ya daɗe.”

Wanda bai san wasan jika da kaka ba zai ce ai girmama ni ya yi. Ni na san an kashe ni. Da ya zage ni tas da na yi barci lafiya. Daga ranar bai ƙara ce mini Hular Kwano ba. In na shigo sai ya gyara zama ya ce, “Sannu da zuwa, Injiniya. Ya aiki? Ya maigidan?” Ni ma da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai in durƙusa har ƙasa in ce, “Lafiya lau, Alhaji. Ya ƙarfin jiki?” Iya ta ce tunda take ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ladabin namu ba.

Ba a yi mako biyu ba Allah ya kama ni. A ƙarƙashin filin nan akwai tsohon babban bututu, kuma a wani wuri a jikinsa akwai bawul, wato makullin da ake murɗawa a tsayar da ruwa in bututun ya fashe. Dole a samo shi a gina masa akwati da murfi kafin a zuba kankare, in ba haka ba ranar da ya fashe sai an farfasa sabon filin ana nema, ruwa yana ta ambaliya. Na je sito neman tsohuwar taswira, na tarar gara ta riga ni karantawa. Manaja ya kira ni ya ce, “Kar ki binne bawul ɗin nan. Kar kuma damina ta same mu fili a buɗe.” Na ce to wa ya san inda yake? Ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar gidanmu.

Na haɗiye girman kai na je wurin Baba Tsoho. Na durƙusa na ce, “Alhaji, wata 'yar tambaya ce game da bawul ɗin tsakar fili.”

Ya ce, “Yana cikin takarda?”

Na ce, “Gara ta cinye.”

Ya ce, “Ayya. To ai babu shi ke nan, ranki ya daɗe.” Ya ƙara wa rediyonsa murya. Da na kai ƙofa sai ya ce wa bango, ba ni ba, “Ranar da famfo ya dawo cikin zane, wataƙila bawul ma ya dawo duniya.”

Washegari da na isa wurin aiki, me zan gani? Baba Tsoho zaune a tsakiyar fili, a kan wata kujerar ƙarfe da ya haɗa da guntayen bututu tun zamanin aikinsa, ga lema, ga rediyo, ga buta. Ya kafa turke ya ɗaure kujerar da sarƙa da kwaɗo. Mai gadi ba zai hana shi shiga ba, shi ya koya masa aiki. Na ruga wurin Manaja. Ya ce, “Ni? In ce wa Baba ya tashi? Ranar da na fara aiki a nan shi ya nuna mini inda ake alwala. Ke jikarsa ce, je ki faɗa masa.”

Na ce, “Ai ba ma wasa yanzu.”

Ya ce, “To ni ma ban shirya mutuwa ba.”

Haka ya zauna, kullum daga hantsi har la'asar, wata biyu cur. Ni a zatona zanga-zanga yake yi mini, ya kunyata ni a gaban ma'aikata. Na ce wallahi sai na samo bawul ɗin nan ba da shi ba. Na sa aka kawo na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Abin da ban lissafa ba, filin nan ya shekara aru-aru yana haɗiye tarkace. Duk taku uku sai na'ura ta yi ƙara, mu haƙa. Mun tono ƙashin keke. Mun tono bakin gatari, da murfin tukunya, da wani kwanon sha da Baba Tsoho ya ce nasa ne, tun ana gobe Ummata za ta shiga makaranta yake nemansa, ya kuma gode. Duk ramin da muka haƙa sai ya leƙo daga ƙarƙashin lema ya ce, “An dace, ranki ya daɗe?”

Sau ɗaya mai na'urar ya matso kusa da shi, ta ƙwala ihu kamar an taka wutsiyar kare. Mutumin ya ja da baya da sauri yana ba da haƙuri, ya ce mini, “Hajiya, kujerar ce, ƙarfe ce zalla. Ga kuma sifana a aljihunsa.” Na ce haka ne, mu wuce. Wa zai tura sanda tsakanin ƙafafun dattijo? Ko bayan ya tafi gida ba mai taɓa kujerar, leburori har kewaye ta suke yi da baro.

Lokaci yana tafiya, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Na yanke shawarar a fara zuba kankare gida-gida, ana yi ana nema, ina addu'ar kada mu rufe abin da muke nema. Da aka iso inda yake, heluman leburori ya cire hula ya ce, “Baba, za mu zuba nan.” Baba Tsoho ya ce, “Na'am? Wa ya zo?” Heluma ya dube ni, na dubi sama. Sai kawai suka kafa katako suka kewaye shi ta kusurwa huɗu, suka zuba ko'ina suka bar masa ɗan tsibirinsa na jar ƙasa. Har gada suka yi masa da falanki don kada ya taka ɗanyen siminti in zai je alwala.

Ranar da manya suka zo duba aiki daga babban ofis, suka tarar da sabon fili sumul, ga tsoho a tsakiya da lema yana jin labaran duniya. Babbansu ya tambaya ko wane ne. Manaja ko gezau, ya ce, “Mai ba mu shawara ne, ranka ya daɗe.” Babban ya je ya gaishe shi da hannu biyu, har ya ce a rubuta cewa an yaba da yadda ake tafiya da masu ƙwarewa.

Akwai abu ɗaya da ya faru da ya kamata ya buɗe mini ido, bai buɗe ba. Wata safiya ina duba sabuwar kwatar da ta bi gefen gareji, ba kowa kusa, sai ga Baba Tsoho ya taho da buta. Ya tsiyaya ruwa a cikin kwatar. Ruwan ya yi ɗan jim, sai ya juyo da baya, ya nufi ƙofar gareji maimakon kwalbati. Ya dubi ruwan, ya dubi sama, ya koma kujerarsa. Na auna, na tarar an karkata gangaren. Na sa aka fasa aka sake kafin kowa ya gani. Ban ce na gode ba, shi ma bai nuna ya san an yi ba.

Amma maganar famfo ta hana ni sukuni. Na fara zagayawa bayan katanga in tsaya ina kallon masu ɗiba, wasu sun goya ni ina jaririya. Wata ta ce, “An ce ke za ki gyara mana wurin, Allah ya yi miki albarka.” Na rasa inda zan sa fuskata. Ba tare da na gaya wa kowa a gida ba na rubuta wa kamfani, na sake rubutawa, na bi ofis-ofis har aka fara ɓuya in an hango hulata. Ranar wata Laraba takarda ta fito: an amince famfon ya zauna, a shigar da shi rajista, a yi masa dandamali da magudana.

Da ni mutuniyar kirki ce da a guje zan je in ba shi. Amma na ce a'a. Wata biyu yana gasa ni da “ranki ya daɗe”, bari shi ma ya ɗanɗana kwana biyu. Na shirya sai Juma'a in sa takardar a ƙarƙashin kwanon tuwonsa, in ya ɗaga ya gani, in ce, “Tsohon Famfo, ga takarda, ina bawul?” Ranar Alhamis na wuce ta gabansa da jakar a kafaɗa. Ya ce, “Barka da rana, Injiniya.” Na ce, “Barka kadai, Alhaji.” Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya. Wannan abu ya ci ni, har yanzu yana cina.

Bayan sadakar uku Iya ta kira ni ɗaki, ta jawo sandar ƙarfen nan daga bayan gado, da sifanar, ta ajiye a gabana. Ta ce, “Ɗauki tarkacenku. Ni dai abin da ya ɗaure mini kai, mutumin da ko shanya ba ya iya tsayawa a yi da shi don tsoron rana, me ya zaunar da shi a tsakiyar fili wata biyu, ga inuwar darbejiya a gefe?”

Na miƙe zumbur. Na ɗauki sandar na nufi kamfani. Kujerar tana nan a ɗaure. Heluma ya taho ya yi mini gaisuwa, ya ce in na ba da izini yau za su cike wurin Baba, siminti ya rage. Na ce a dakata. Na haye falankin, na kafa sandar a tsakanin ƙafafun kujerar, na ɗora kunne. Na yi shiru.

Yana nan. Sautin nan na aji uku, da ɗan kaɗawar da ruwa ke yi in ya zo wucewa ta wurin makulli. Aka kwance sarƙa, aka haƙa. Ba a kai gwiwa ba shebur ya daki murfin ƙarfe. Leburori suka yi kabbara, mai na'ura ya kama baki, ni kuwa na zauna a kan kujerar na yi kukan da ban yi ba ranar Juma'a.

Da yamma na biya wurin Baba Ticha. Na same shi zaune a gaban darar, kwanon yana kife yadda aka bar shi. Na gaya masa. Ko mamaki bai yi ba.

“Ai na sani, 'yata. Na ce masa rana za ta kashe shi. Ya ce, ‘In na tashi Hular Kwano za ta malale wurin da kankare. Ranar da bututu ya fashe a ce jikata ba ta san aiki ba? Ba da ni ba.’”

Na ce, “Haka ya kira ni?”

“Da wane suna kuma zai kira ki? Injiniyar nan ai ta gabanki ce kawai. In ya dawo nan har kwaikwayon durƙusonki yake yi.”

Na ciro takardar na miƙa masa. Na ce, “Baba, tun Laraba take jakata. Na ɓoye masa. Ya tafi bai sani ba.”

Baba Ticha ya riƙe ta nesa da ido ya karanta, sai ya fashe da dariya har da tari. “Bai sani ba? A kamfanin nan akwai abin da zai ɗiga bai ji ba? Tun ranar Larabar Manaja ya raɗa masa, a kunnen dama. Ya zo nan yana taka rawa da sanda. Ya ce, ‘Bari mu ga kwana nawa za ta iya riƙewa. Jinina ce, za ta kai Juma'a.’ Ya ce in kin ba shi, zai miƙe ya ce ki ɗauke masa kujera ta yi masa nauyi.” Ya ninke takardar ya ba ni. “Ku biyun nan, Allah ya shirye ku. Shi dai ya riga ya tsere.”

An gina wa bawul ɗin akwati da murfi, an cike tsibirin, ruwan farko ya sauka bayan kwana tara ya bi kwata ya fice ta kwalbati kamar an aike shi. A sabuwar taswirar harabar, wadda ke ofis da wadda ke cikin kwamfuta inda gara ba ta kai, na sa alama a tsakiyar fili na rubuta “Kujerar Baba Tsoho”. Manaja ya gani ya sa hannu. Yanzu yana cikin takarda.

Ranar da aka buɗe sabon dandamalin famfo, bayan mata sun ɗiba sun watse, na tsaya ni kaɗai. Sai na ji ɗis. Na duba, kan famfon sabo fil, amma yana ɗiga. Sifanar tana jakata, hannuna har ya kai kanta. Sai na fasa. Na bar shi yana ɗiga, na jingina da katanga ina kallon kwanar layi, ko wani zai ɓullo da babbar riga ya ce, “Hular Kwano, wannan ne aikin da aka tura ki makaranta ki koyo?”

Na jima a tsaye. Sannan na durƙusa na ɗaure shi da kaina.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da layin baya. Ni kuma Allah ya yafe mini kwana biyun nan.